Numfashin Mai Fenti a Hannun Yayata

Tambayo muke ce wa yayata a gida, kuma ita ta jawo wa kanta. Tun tana ƙarama, in baƙo ya yi sallama ya ce, "Babanku yana ciki?" ko da tana kallon Baba a zaune, sai ta ce, "Bari in tambayo." In Mama ta aike ta sayen baƙin zare ta tarar ya ƙare, ba za ta sayo mai duhun da ya yi kusa da shi ba, sai ta dawo gida ta ji ta bakin Mama, sannan ta sake komawa cikin rana. Mama takan ce, "Ke ko ƙishirwa kike ji, sai kin tambayo ko kina ji." Da haka sunan ya kama ta, har Baba ma da ba ya son a tsokane ta yakan manta ya kira ta da shi.

Mu uku ne a wurin iyayenmu: Yaya Babba, wanda shi ne namiji, sai ita, sai ni. Baba gyaran keken ɗinki yake yi a wani ɗan shago da ke jikin gidanmu. Ni ban taɓa iya zaman shagon nan ba, warin mai yana hawa mini kai. Ita kuwa can take wuni, tana riƙe masa ƙananan kusoshi a murfin gwangwani, tana zura masa zare a allura tun da idonsa ya fara rauni. Baba yakan ce hannunta ba ya rawa. Gaskiya ne. Zuciyarta ce take rawa.

Da ta gama sakandare ta yi shekaru tana aiki a shagon fotokwafi, aikin da ya yi mata daidai, domin mai takarda shi ke faɗin abin da yake so, nata danna maɓalli ne. Wata rana Yaya Babba ya shigo ya ce ba zai zuba ido ƙanwarsa ta tsufa a gaban inji ba, makarantar koyon jinya za ta shiga. Ta dubi Mama, Mama ta dubi Baba, Baba ya dubi keken da ke gabansa. Sai ta ce, "To."

Karatu bai ba ta wahala ba. A jarrabawa tana cikin na gaba, kuma a ɗakin gwaji, inda suke koyon aiki a jikin mutum-mutumin roba, malamai da ita suke misali. Matsalar ta fara ne da aka tura su asibiti wurin mutane masu rai. Ta taɓa ba ni labarin wani dattijo da ya roƙe ta ruwa. Kofin yana kan akwatin gefen gadonsa, amma ba ta da tabbacin ko an hana shi sha, sai ta tafi neman sista, babbar nas ɗin ɗakin. Ta tarar sista tana magana da likita, ta tsaya a bayanta tana jira. Kafin ta dawo da izini, maƙwabcin gadonsa mai karyayyar ƙafa ya ja jiki ya ba shi. Dattijon bai yi mata faɗa ba, ya dai ce, "Sannu, 'yata, na sha." Ta ce gara a ce zaginta ya yi.

A shekararta ta uku ta fara maganar bari. Ba ta ce za ta bari ba, tambaya take yi. Ta tambaye ni, na ce ta ƙarasa. Ta tambayi Mama, Mama ta ce, "An ci an kai gindin kwano, yanzu za ki ce ba ki son miyar?" Ta je shago ta tambayi Baba, ya ɗago kai ya ce, "Wannan kam ke za ki faɗa." Ta dawo ɗaki ta kwanta tana kuka, wai Baba ya ƙi taimakonta.

A cikin wannan hali aka tura ta sashen gaggawa, ƙarƙashin wata sista da ɗalibai suke kira Doguwa a bayan idonta. Abin da ya faru ranar nan, ba a zama ɗaya na ji shi ba. Gutsi-gutsi ta riƙa ba ni, wani muna wanki, wani muna hanya, sai daga baya na harhaɗa.

Da tsakar rana aka kawo wani mai fenti a bayan motar ɗaukar kaya. Yana shafa fenti a saman wani gini tsani ya karye da shi, ya faɗo ta ka. Mutum ne siriri, bai tsufa ba, rigarsa duk ɗigon fenti. Ba ya motsi, numfashinsa yana yankewa. Likita ya zura masa bututu ta baki har maƙogwaro, aka haɗa bututun da wata jakar roba mai kamar ƙaton ƙwai, wadda in aka matsa ta da hannu take tura iska cikin huhu. Ita kuma jakar aka jona ta da ƙaramar tukunyar iskar oksijin da aka kwantar a tsakanin ƙafafunsa. Injin da zai riƙa yi masa numfashi yana ɗakin kulawa ta musamman, a hawa na uku. Kafin a kai shi can, ransa yana hannun duk wanda ke matsa jakar nan.

Sista Doguwa ce take matsawa. Yayata tana biye da fayil a ƙirji. Mai tura gadon wani ƙaton mutum ne mai barkwanci da kowa ke kira Direba, saboda in ya turo gado yakan yi hon da bakinsa, "Pim pim, a ba babbar mota hanya!" Matar mai fentin ta iso a guje da takalmi ƙafa ɗaya, ta kama ƙarfen gadon, ba wanda ya iya ɓamɓare hannunta.

Suna isa bakin lifta, ƙofa ta buɗe, aka tura gadon ciki, sai ihu ya tashi daga ƙofar asibiti. Mota ce ta kife da mutane, ana ta shigo da su. Likita ya ƙwala wa sista kira. Sista ta waiga can, ta waigo nan, sai ta kamo hannun yayata ta ɗora a kan jakar.

"Riƙe. Matsa kamar yadda kika ga ina yi. Suna jiran ku a bakin ƙofa a sama."

Yayata ta buɗe baki za ta yi magana, ƙofar ta rufe.

Liftar tsohuwa ce, ƙunci gare ta, gadon ya cinye kusan duka. Yayata tana wajen kan mara lafiya a matse da bango, matar tana gefe, Direba yana wajen ƙafa. Suka wuce hawa na ɗaya. Suka wuce na biyu. Sai aka ji wani ƙara kamar an ja birki, liftar ta girgiza, ta tsaya, fitila ta mutu.

Direba ya yi dariya a cikin duhu. "Kada ku damu, wuta ce aka ɗauke. Yanzu za a tada inji, babbar mota ta ci gaba da tafiya."

Suka ji tashin injin daga nesa. Suka ji fankokin asibiti sun dawo da juyi ta bayan bango. Liftar ba ta motsa ba.

Direba ya danna kowane maɓalli. Ya buga ƙofa da tafin hannu, sannan da dunƙulen hannu, yana kiran mutane. Ya ciro waya, babu sabis. Muryarsa ta fara canjawa. Can sai yayata ta ji wani abu mai nauyi ya sulale ƙasa. Matar ta kunna fitilar wayarta, suka gan shi zaune a kusurwa, ya haɗa kai da gwiwa, gumi yana zuba kamar an watsa masa ruwa.

"Malam Direba, lafiya?" in ji yayata.

"Ni ba na iya rufaffen wuri," ya ce da ƙyar. "In tana tafiya ina daurewa. In ta tsaya, ƙirjina ne yake toshewa. Ku yi haƙuri. Ku yi haƙuri da ni."

Yayata ta ce a nan ne tsoro ya kama ta, domin duk a zatonta akwai babba a wurin. Ta dubi matar, ta ga matar ita take kallo.

"Nas, me za mu yi?"

Hannun yayata dai yana ta matsawa. Sai ta lura cikin hasken wayar cewa ƙirjin mutumin yana tashi yana faɗuwa da sauri kamar na wanda ya yi gudu. Ita ce take haki, hannunta kuma yana bin hakinta. Ta tuna an koya musu cewa yawan sauri cutarwa yake yi, huhu ba ya samun damar fitar da abin da ya shiga. Ta yi ƙoƙarin rage saurin hannun, ya ƙi, sai ya koma bin bugun zuciyarta. Ta ga ba yadda za a yi hannun ya lafa sai ita kanta ta lafa. Dole ta ja numfashi a hankali, ta matsa, ta saki, ta jira, ta sake ja. Ta ce ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan wuya ba: tana tsoron da ya kai na mutuwa, amma tana numfashi kamar mai barci.

Zafi ya cika wurin. Ƙarfen bango ya yi ɗumi, warin fenti da na jini da na gumi suka haɗu. Daga sama suka fara jin muryoyi, kamar daga cikin rijiya. Ta gane muryar wata nas tana cewa, "Kuna ji na? Ana neman mai gyara!" Yayata ta ɗaga murya ta ce, "Me zan yi masa?" Amsar ta dawo a gutsure, ba ta tsinci komai ba sai "ci gaba". Ta sake tambaya. Aka sake cewa wani abu. Sai ta daina, domin ihun yana ɓata mata numfashi.

Tun daga ƙasa akwai wani siririn sauti da tukunyar iskar take yi, kamar hucin tayar keke. Ba wanda ya kula da shi sai da ya ɗauke.

"Mene ne ya yi shiru?" in ji matar.

Yayata ta ce ta so ta yi mata ƙarya, amma ba ta samu ƙaryar a bakinta ba. "Iskar tukunya ce ta ƙare. Yanzu jakar tana jan iskar da muke shaƙa ne tana ba shi."

"Za ta ishe shi?"

"Ban sani ba."

An koya musu duba farce, in ya koma shuɗi to jini ba ya samun iska. Ta ce matar ta haska mata hannunsa. Farcen duk shuɗi ne, goma ɗin, har cikin lungunansu. Zuciyarta ta tsinke. Sai matar ta ce, "Fenti ne. Tun shekaranjiya shuɗi yake shafawa, ba ya fita ko da kalanzir." Yayata ta ce da ba don halin da ake ciki ba da ta yi dariya, ko kuma kuka. Abu ɗaya da take da shi na aunawa, fenti ya rufe shi. Ta sa matar ta ɗaga leɓensa ta haska. Launin bai yi mata kyau ba, bai kuma yi muni ƙwarai ba, kuma ko da ya yi munin, babu abin da za ta ƙara a kan abin da take yi.

Can sai aka fara buge-buge a sama. Ashe mai gyaran bai samu ba, wasu ma'aikata ne suka hau ɗakin injin suna ƙoƙarin jan liftar da hannu. Ba su yi gargaɗi ba, ko sun yi ba a ji ba. Liftar ta zabura sama, ta dawo ƙasa da ƙarfi. Gadon ya daki bango, wayar ta suɓuce ta faɗi a kife, yayata ta ji jakar ta yi sakwaf a hannunta. Ta matsa, iskar ta fita a banza.

Ta laluba cikin duhu. Bututun yana nan a bakinsa, ba ta ji ya zame ba. Amma ɗan guntun robar da ke haɗa shi da jakar ya fita. Ta ji ƙararsa yana gangarawa a ƙasa, ya tsaya a wani wuri.

"Ku nemo shi!" Ta ce ba ta san muryar nan tata ba ce. "Ɗan ƙaramin abu ne kamar murfin kwalba, ya faɗi ƙasa. Yaya," ta ce da matar, "ɗauki wayar. Malam Direba, kana ƙasa, laluba ƙarƙashin gado."

"Ba zan iya..."

"Za ka iya. Kana ƙasan ai. Miƙa hannu kawai."

Ƙirjin mutumin yana kwance shiru a ƙarƙashin tafinta. Ta san kowane ɗan lokaci da ya wuce a haka ƙwaƙwalwarsa ce take biya. Ba a koya musu abin da ta yi ba, an ma hana su. Ta sunkuya, ta riƙe bututun da yatsu biyu don kada ya motsa, ta sa bakinta a kai, ta hura. Ta ji ƙirjin ya tashi. Ta ɗago, ta ja numfashi, ta sake hurawa. Ɗanɗanon roba da gishirin jini suka cika mata baki. Ta haɗiye, ta sake hurawa.

Tana jin matar tana kiran sunan Allah, tana jin Direba yana jan ciki a ƙarƙashin gado yana nishi. Hasken waya yana yawo a ƙasa. Kanta ya fara juyawa, ta jingina ƙugu da gadon don kada ta faɗi.

"Ga shi! Shi ne wannan?" in ji Direba.

Shi ne. Ya maƙale a bayan tayar gado. Ta goge shi da gefen rigarta, ta haɗa, ta matsa. Ƙirji ya tashi.

Direba bai koma kusurwarsa ba. Ya miƙe, ya tokare gadon da cikinsa don kada ya sake gudu, ya karɓi wayar ya riƙe musu haske.

Ba ta san tsawon lokacin da suka ƙara ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba. Ta dai san hannun dama ya ƙage, ta koma hagu, hagu ya ƙage, ta haɗa biyun, daga nan yatsun suka daina jin umarni. Tana matsawa, jakar ba ta lotsawa yadda ya kamata. Ta dubi Direba, hannunsa ko wayar da ƙyar yake riƙewa. Ta dubi matar.

"Yaya, kawo hannunki."

Matar ta ja baya. "Ni? A'a, Nas, kada in kashe shi."

"Ba za ki kashe shi ba, ina nan. Sa hannunki a ƙarƙashin nawa. Ba da ƙarfi ba, kamar kina matse soso. In na ce matsa, ki matsa. Yanzu. Saki. Jira. Kin ga ƙirjinsa? Ke kika tashe shi."

Hannun matar mai kaushi ne, na mai wanki da wanke-wanke. Da farko ta yi sauri, yayata ta danne hannun da nata har suka daidaita. Sannan ta zare nata a hankali, ta ɗora a ƙirjinsa, tana ba da umarni da baki.

"Yana jin mu?" matar ta tambaya.

"Ban sani ba. Amma yi masa magana."

Yayata ta ɗauka kuka za ta yi, ko roƙon gafara. Sai matar ta fara yi masa faɗa. "Ban ce maka tsanin nan ya ruɓe ba? Na ce ka ari na maƙwabci, ka ce kai ba ka son roƙo. To ga shi. Kuma ka bar bokitin fenti a buɗe a ƙofar ɗaki, yarinya ta tsoma hannu, ta shafa a labule. Ka tashi ka gani da idonka. Ni ba zan wanke ba, kai za ka wanke." Tana faɗa tana matsawa, hawaye yana ɗiga a kan jakar. Yayata tana cewa, "Matsa. Saki. Jira."

Daga ƙarshe liftar ta fara hawa kaɗan-kaɗan, tana ƙugi. Aka zura ƙarfe aka ɓalle ƙofar. Haske da iska suka shigo tare. Ba su kai daidai ba, daɓen hawa na uku yana daidai ƙirjinsu, sai ƙafafun mutane suke gani. Wani likita ya diro ciki, ya karɓi jakar, aka zuro katako aka ɗora mai fentin, aka miƙa shi sama hannu da hannu. Aka ja matar. Aka ja Direba, wanda yana fita ya kwanta a daɓe ya baje. Yayata ce ta ƙarshe. Kafin ta miƙe tsaye, an riga an shige da mara lafiya an rufe ƙofa. Ba wanda ya ce mata komai, kowa yana ta kansa. Ta nemi banɗaki ta yi amai, ta kurkure baki, ta sauka ta matakala.

Sashen gaggawa yana cike da mutanen motar nan, har a ƙasa. Sista Doguwa ta ɗago kai daga ɗinkin da take taya likita, ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce, "Je ki sa a duba miki jini, tunda na ji kin sa baki. In kin gama ki zo ki riƙe mini fitila."

Da ta dawo gida da yamma, cokali ya gagare ta riƙewa. Ni na ba ta abinci a baki, ina yi mata tsiya wai ta zama jaririya, ba ta yi dariya ba. Baba ya shigo ya zauna a bakin gado, ya kama hannayenta yana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya da man zafi.

Kullum in ta tashi aiki sai ta hau hawa na uku ta tsaya a jikin gilashin ƙofa. Inji ne yake yi masa numfashi yanzu, ba ya gajiya, ba ya kuskure. Matar tana zaune a benci a waje, an kawo mata wani takalmin. Sukan gaisa, su zauna tare. Mai fentin bai buɗe ido ba ko sau ɗaya. Mako bai cika ba ya rasu.

Yayata ta tare likitan a matakala ta tambaye shi ko zaman lifta ne ya jawo. Ya ce raunin kan mai tsanani ne tun farko. Ta ce amma da an kai shi da wuri fa? Ya ce, "Wa ya sani?" Ya wuce, ana jiran sa.

Wannan "wa ya sani" ita ta kwantar da ita. Ta ƙi zuwa asibiti, ta ƙi fita tsakar gida. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma lallashi. Yaya Babba ya zo ya ce in dai aikin nan ne zai kashe ta, ya janye, ta bari. Ta juya fuska bango. Ta ce mini, "Na ba shi duk abin da nake da shi, har numfashina. Bai isa ba. To mene ne amfanina a wurin?"

Ana cikin haka wata rana da hantsi aka yi sallama. Na leƙa, na ga wata mata da ban sani ba, da yarinya a hannu. Ta ce wani mai tura gado ne ya tambayo mata kwatancen gidan. Na shigo da ita. Yayata tana ganinta ta tashi zaune.

Suka gaisa, aka yi mata gaisuwar rashi, Mama ta kawo ruwa ta fita. Matar ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ƙanwata, tambaya na zo yi miki, don Allah kada ki ɓoye mini. Ba na barci. Lokacin da kika ba ni robar nan, hannuna rawa yake yi, kuma ina ta surutu. Ina ganin akwai inda na manta ban matsa ba. Ni ce na ƙarasa shi?"

Ina tsaye a bakin ƙofa, na ga yayata ta dubi ƙofar, ta dubi inda Mama ta fita. Sannan ta sauko daga gado ta zauna a ƙasa gaban matar.

"Yaya, hannuna yana kan naki, sannan kan ƙirjinsa, tun da kika karɓa har aka buɗe ƙofa. Ban ɗauke ba. Duk matsawar da kika yi na ji ta a tafina. Ba ki tsallake ko ɗaya ba."

"Kin tabbata?"

"Abubuwa da yawa ban sani ba a ranar nan, kin ji ina faɗa miki. Wannan na sani."

Matar ta kifa kai a kafaɗarta ta yi kukan da na ji har cikin ƙashina. Yarinyar ta tsaya tana kallonsu, tana tsotsar yatsa. Yayata ba ta ce ta yi haƙuri ba, ta dai riƙe ta har ta gaji don kanta.

Washegari na farka na tarar tana guga farar rigarta.

Ta gama makaranta, kuma da aka tambayi inda kowa yake so, ta ce sashen gaggawa, wurin da sauran suke gudu. Can take har yau. Ba ta zama wata shahararriya ba. Ta yi aure, tana da 'ya'ya biyu da ciwon baya. A aljihunta kullum akwai ƙaramar tocila da filasta, kuma ba ta barin a tura mara numfashi ko'ina sai ta naɗe mahaɗin jakar da filasta da hannunta. Liftar an gyara ta, ta sake lalacewa, an sake gyarawa. Iska takan ƙare, gado yakan ƙare, jini yakan ƙare. Na taɓa ce mata yanzu kam ta zama jaruma. Ta ce, "Ke dai. Tsoron yana nan inda yake. Na daina jiran ya tafi ne kawai." Ta ce da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa a irin wannan hali ba sa tashi, kuma ba ta saba ba, ba ta jin za ta saba.

Kwanan baya na je kai mata makullin gidanta da ta manta a wurinmu. Na tarar da ita a bencin baranda, tare da wata tsohuwa da aka ce ɗanta ya cika ba da jimawa ba. Tsohuwar tana riƙe da hular ɗan a cinya. Yayata tana gefenta, lokacin tashinta ya wuce, jakarta tana kafaɗa. Ba magana suke yi ba. Ta gan ni, ta ɗan girgiza kai. Na jira na jira, na ga ba ta da niyyar tashi, sai na ba wata mai shara makullin na ce ta miƙa mata, na kama hanyar gida.